Ranar da Aka Kai Maigidana Asibiti Saboda Naman Kaza

Maigidana manomin masara ne a Malumfashi, kuma mutum ne da in ya koyi sabon abu sai kowa a gida ya ji a jikinsa. Wata shekara bayan girbi, ɗiyar maƙwabciyarmu Bayarabiya mai shagon atamfa ta nuna masa wasan da suke yi a makaranta: kowane harafi a tura shi gaba da taki ɗaya a jerin haruffan Turanci, harafin a ya zama b, b ya zama c. Da haka nama ya koma obnb.

Yarinyar rubutawa take yi. Shi kuwa ya ce da baki za mu riƙa yi.

Dalilinsa wani amininsa ne daga Bakori, wanda ba ya zuwa sai an sauke tukunya, kuma hannunsa ba ya kuskure tsoka. Malam ya ce in mutumin ya yi sallama zai kira daga zaure ya ce in rufe nama, amma a juye.

"Malam, wannan ba ya faɗuwa," na ce.

"Sai an saba," in ji shi.

Ya kwana biyu yana gwadawa a bayan rumbu, har akuyarmu ta daina zuwa wajen.

Ranar da na yanka kaza, baƙon ya iso. Ina madafa na ji Malam ya ɗaga murya: "Svgf obnb." Na fara ƙirga haruffan baya da yatsu. Ban gama kalmar farko ba ya maimaita, da ƙarfi, har da tari.

Da na leƙa, baƙon ya riga ya kwantar da shi a tabarma yana yi masa fifita da hula.

"Hajiya, harshensa ya karye. Haka ciwon shanyewar jiki ya fara wa yayana."

Malam ya dube ni, na dube shi. In ya yi magana daidai, dole ya faɗi abin da yake nufi. Sai ya rufe ido. Aka tsayar da keke napep, muka tafi asibiti mu uku, kansa a kan cinyar amininsa.

Nas ta gwada jininsa, ta ce lallai ya ɗan hau. Ta hana shi gishiri da nama mai kitse. Baƙon ya ce ya ɗauki nauyin sa ido a kan haka, ya kuma cika alkawari: ya ƙara yawan zuwa.

A hanyar dawowa Malam ya matso kusa da kunnena.

"Laifinki ne. Kin cika jinkirin ƙirga."

Na ce masa mara lafiya ba ya yawan magana. Mai keken ya goyi bayana.