A Bar Mana Likitanmu

Duk wanda ya taɓa kai yaro ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Ba'awa, ya san Nazifi ɗan Malam Uba. Dogo ne siriri, da farar rigar aiki wadda wuyanta ya sha wanki har ya fara zare. Likita muke ce masa, ko da yake makarantar koyon aikin lafiya kawai ya yi. Ya hana mu har ya gaji ya ƙyale.

Da ya gama karatu, ya zaga neman aiki har takalminsa ya siɗe. Ko'ina tambayar ɗaya ce: a ina ka taɓa aiki? To a ina zai taɓa, tunda ba wanda ya ba shi? Sai aka ba shi shawara ya dawo gida ya yi aikin sa kai, wai idan an tashi ɗaukar ma'aikata da 'yan sa kai ake farawa. Ya je ya durƙusa gaban shugaban asibitin, Malam Lurwanu, wanda gidansa ke Ɗangora, yake kuma leƙo mu ranar da babur ɗinsa ya ga dama. Lurwanu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Wa zai ƙi bawa kyauta?

Tun daga ranar komai ya koma kan Nazifi. Shi ne shara, shi ne allura, shi ke ɗinke wanda lauje ya yanka. Da damina, in zazzaɓi ya kwantar da yara har kan tabarmi a baranda, shi kaɗai ke tsallake su da robar ƙarin ruwa a hannu. Ba a taɓa biyansa ba. Sa'anninsa suka tafi haƙar ma'adinai Riruwai suka dawo da babura. Zulaihat da yake nema ta jira har ta gaji, ta auri mai shagon taki a Tudun Wada, kuma shi ya yi wa ɗanta na fari allurar rigakafi da ta zo ganin gida. Malam Uba kuwa yana noman masararsa shi kaɗai da ciwon baya, yana cewa aikin na nan tafe.

Abin da ya cuce su kunya ce. Daga uban har ɗan, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wa mutane kyauta ake wannan wahalar. Gari ya ga farar riga, ya ɗauka ma'aikacin gwamnati ne mai albashi. Ni da muka tashi tare na sani, amma ya roƙe ni in rufa masa asiri.

Shekaru suka ja, sai ga waya. An buɗe ɗaukar ma'aikata, kuma wani Alhaji mai faɗa a ji a rabon guraben ya ji labarin ƙwazonsa, ya saka sunansa. Sai dai sabon ma'aikaci ba a barinsa garinsu, wajen Doguwa za a tura shi. Ranar na ga Nazifi yana dariya har da riƙe ciki, abin da na manta ya iya.

Wanda bai yi dariya ba Lurwanu ne. In Nazifi ya tafi, ai sai ya riƙa zuwa aiki kullum. Bayan sallar Juma'a ya ja mai unguwa Ɗanasabe gefe, ya ce masa cikin jimami, "Baba, za a canza wa yaronku wurin aiki. Ni dai ba ni da bakin magana, amma dattawa ba a mayar da roƙonsu."

Haka ne kuwa. A wajenmu in gari ya tashi dattawansa suka je suka zube gaban babba, abin kunya ne ya ce a'a. Ɗanasabe ya tara liman da tsofaffi, suka sa manyan rigunansu, suka ɗauki zabbi da buhun masara. Ba su gaya wa Nazifi ba, wai so suke su yi masa bazata. Suka samu Alhajin a gidansa, suka ce a dubi Allah a bar musu likitansu, in ya tafi 'ya'yansu mutuwa za su yi.

Alhaji ya san komai, ya san yaron ba ya karɓar ko sisi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba iyayena, ai kun fi ƙarfin wannan a wurina. Na bar muku shi." Kafin su kai bakin titi ya ba ɗan ƙanwarsa gurbin.

Ina asibitin da la'asar suka iso, ana murna, mata na guɗa ta bayan katanga. Ɗanasabe ya dafa kafaɗar Nazifi ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka, mun gyara. Ba inda za ka." Na ga Nazifi ya yi mutuwar tsaye. Ya dubi babansa a bayan taron, tsohon ya kawar da kai. Sai Nazifi ya durƙusa, kamar yadda yaro ke yi in manya sun yi masa alheri, ya ce ya gode, Allah ya saka. Ni fita na yi, don da na tsaya sai na zagi sa'an kakana.

Daga baya Nazifi ya je wurin Alhajin ya yi bayani. Alhaji ya ce, "So kake in kunyata dattawanka? Ka yi haƙuri sai wani karon." Har yau wani karon bai zo ba.

Nazifi yana nan a asibitin, furfura ta fara fito masa a gemu, rigar ma an sake mata wuya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba sunan da za a yi ko ɗaurin aure sai Ɗanasabe ya ba da labarin yadda suka je suka ƙwato wa gari likitansa. In ya kai ƙarshe sai ya waiwaya ya nemo shi a cikin jama'a.

"Ko ba haka aka yi ba, Likita?"

"Haka aka yi, Baba."