Masallacin da Ƙofarsa Ke Cikin Falo

Har yau idan mutum ya ce mini "ai nan gidanka ne", nakan yi murmushi in yi godiya, amma ba na sakin jiki. Wanda ya koya mini haka ɗan unguwarmu ne, kuma a Kuala Lumpur ya koya mini, shekarar da korona ta kulle duniya.

Lokacin ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, a fannin zanen gine-gine. Bincikena a kan wuraren ibada na cikin gida ne. Ni dai so na yi in tsaya a kan masallatan ƙofar gida irin namu na Kano, amma malamar da ke duba aikina ta ce sai na kwatanta su da na wata ƙasa. Ta haɗa ni da ƙananan coci-cocin da ke cikin tsofaffin gidajen sarauta da na attajirai a Ingila. Na yi ta ƙunƙuni. Ni ɗan liman, ina ni ina cocin Turawa? Sai da na fara karatun abin ya kama ni.

Ashe an yi zamani a can da aka hana 'yan Katolika ibadarsu, sai masu hali a cikinsu suka mai da ita cikin gida. Can ƙarƙashin rufi za a ware ɗaki, a yi teburin ibada da ake ninkewa ya koma kamar kabad, a haƙa maɓoya a bango ko ƙarƙashin matakala inda fada, wato limaminsu, zai shige idan 'yan doka sun zo bincike. Da aka saki dokar, jikokinsu suka gina coci masu kyau a jikin gidajen. Iyalin gida na da ƙofarsu ta ciki, su fito daga ɗakunansu su zauna a baranda ta sama a kan kujeru masu taushi, wasu har da murhun jin ɗumi. Barori da mutanen ƙauye kuma su shigo ta ƙofar waje su zauna a ƙasa. An shirya zan je in gani da idona, sai aka rufe filayen jirgi. Na ƙare da kallon hotuna a kwamfuta, a ɗan gidanmu na haya da ke Wangsa Maju, yara na tsalle a kaina, matata na tsokanata wai ta auri ɗan liman ga shi zai zama fada.

Babana limamin masallacin ƙofar gidan wani attajiri ne a cikin gari. Attajirin ne ya gina, shi ke canja tabarmi, amma ƙofar titi take kallo. Ɗan dako ya shiga, mai facin taya ya shiga, baƙon da ba wanda ya san daga ina yake ya shiga. Shi kansa mai gidan in ya makara, a sahun baya yake tsayawa. Da wannan na tashi. A kaina, duk inda jama'a suka taru suka sa goshi a ƙasa, wurin ya fita daga hannun mai shi.

Da kulle ya ɗan yi sauƙi aka buɗe masallatai, amma aka ce 'yan ƙasa kawai tukuna. Na je masallacin unguwarmu duk da haka. Wani dattijo da muka saba gaisawa ya tare ni daga nesa, hannunsa a ƙirji, yana ba ni haƙuri. Na ji ciwo, amma ban riƙe shi ba. Doka ce, kuma ya faɗa mini ido da ido.

A nan Alhaji ya shigo labarin. Ɗan unguwarmu ne, ya girme ni, a gaban babana ya sauke Alƙur'ani. A Kuala Lumpur ejan ne: ya nema wa ɗalibai gurbin karatu, ya nema musu gida, ya aika musu kaya Najeriya. Mutum ne mai fara'a da son jama'a, ba zan hana shi wannan ba. Yana zaune a wani dogon bene a Bukit Jalil, da ɗaki guda da ba kowa a ciki sai kwalaye. Ni na kai masa shawarar mu mai da ɗakin wurin sallah, mu 'yan Najeriya da muka san juna.

Ya yi dariya ya ce, "Dakta, kai fa ba ka da tsoro. Management, masu kula da benen nan, za su kama mu lah."

Na ce, "Alhaji, Turawan da nake karantawa kashe su ake yi a kan wannan, amma suka yi shekaru suna abinsu. Mu da ba mu fi cikin tafin hannu ba?"

Ya ce, "To boleh, a yi. Amma kai ne injiniya, ni ban san komai ba. Ai nan gidanka ne."

Na zage na yi aiki kamar wanda za a ba lambar yabo. Na kwashe kwalaye, na fitar da alƙibla, na manna salatif a ƙasa yadda kowa zai tsaya da tazara. Na shimfiɗa kafet biyu, ɗaya a kan ɗaya, don kada na ƙasanmu su ji dirar gwiwa. Matata ta ɗinka labule mai kauri. Na kafa dokoki, duk daga karatuna na ciro su: ba a barin takalmi a waje, a shigo da shi a zuba a kwali, ba a zuwa a tare, kowa shi kaɗai, da ledar abinci a hannu kamar mai kawo saƙo, liman ya yi ƙasa da murya, amin kuma a ƙirji. Ba Juma'a muke yi ba, azahar ce kawai ranar Juma'a, wani lokaci mu jira la'asar. Ranar farko ni na ja sallar. Da na ji mutane sun durƙusa a bayana bayan watannin da na yi ina sallah tsakanin gado da fanka, sai da hawaye ya jiƙa mini takunkumi.

Na kira babana ina ta zumuɗi, na ce mun yi masallaci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙofar tana ina?" Na ce a cikin falon Alhaji. Ya ce, "To ai ɗakin sallah kuka yi. Allah ya karɓa." Na ce a raina tsofaffi dai ba sa rasa gyara.

Mun ɗauki lokaci a haka lafiya lau. Sai wata rana Alhaji ya kira ni, murya a sanyaye, ya ce masu kula da benen sun fara tambaya, masu gadi sun sa ido, a dakata sai abin ya lafa. Ban yi musu ba. A kwanakin ana kama baƙi, kowa a tsorace yake. Ni ne ma na riƙa ba shi haƙuri, ina cewa ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Na koma tsakanin gado da fanka.

Ana cikin haka babana ya rasu. Ciwon bai daɗe ba. Da rana tsaka ƙanena ya kira, can kuma gari bai jima da wayewa ba, kafin in gama gane abin da ake faɗa mini an yi masa wanka. A waya na kalli jana'izar, hoton na tsayawa yana tafiya. Ba jirgi, ba hanya.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi wuya ya gane abin da ya fi damuna. A wurinmu mai makoki ba ya zama shi kaɗai. Ana shimfiɗa tabarma, mutane su zo su zauna kusa da kai, ko ba su ce komai ba, wani ya ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, ya tashi wani ya zauna. Babana ya yi wa mutanen da ba su ƙirguwa wannan zaman. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba: in zauna a cikin mutane, a ɗaga hannu a ambaci babana ina ji, in ce amin tare da su.

Na kira Alhaji. Ya yi kuka sosai, kukan gaske, na ji shi. Da ya lafa na roƙe shi ya buɗe ɗakin sau ɗaya tak, ranar addu'ar uku, wadda ta faɗo Juma'a.

Ya ce, "Wallahi Dakta, impossible. Ɗakin ma na mai da kwalaye ciki. Ka yi haƙuri, Malam ubana ne ni ma."

Na ce ba komai.

Ranar Juma'ar matata ta tashi da wuri ta toya waina ta sadaka. Muka ba maƙwabta, ɗalibai 'yan gida Najeriya da ke saman benenmu suka karɓa daga bakin ƙofa suka yi ta'aziyya a tsaye. Zama ya gagare ni. Na ce bari in kai wa Alhaji nasa kason, ko ba komai almajirin babana ne, in gan shi in ji sanyi. Ban kira shi ba. Na hau jirgin ƙasa, na canja a tsakiyar gari, na sauka Bukit Jalil bayan an yi kiran azahar. Maigadi ya san fuskata, ya ga leda, ya bar ni na hau.

Bakin ƙofar fes, ba takalmi ko ɗaya. Na ƙwanƙwasa, shiru. Har na juya zan ajiye ledar in tafi, sai na ji wani ɗan sauti, dif-dif, can ciki, mara ƙarfi. Duk benen nan ba wanda zai san mene ne shi sai ni. Gwiwoyi ne ke sauka a kan kafet biyu. Na tsaya kamar an dasa ni. Na bi su a zuciyata, ruku'u, sujada, zama, har na san lokacin da suka yi sallama.

Alhaji ya buɗe ƙofar katako ya bar ta ƙarfe mai raga a kulle tsakaninmu. Ƙamshin turare ya bugo ni. A bayansa ga kwalin nan cike da takalma.

Na ce, "Ka ce an rufe."

Ya waiga baya, ya yi ƙasa da murya. "Dakta, ka fahimce ni. Masu mota ne kawai. Su daga parking suke hawowa, na ba su card, ba mai ganinsu. Ku masu hawa jirgin LRT dole sai kun bi ta guard house, gaban masu gadi. It's not personal."

"Yau uku, Alhaji. Na roƙe ka. Ka ce mini wallahi."

"Na sani, na sani. In na buɗe maka, gobe sauran za su ji, kowa ya zo. Kana ɗaga murya fa. Ka je gida, zan kira ka."

Wani ya yi tari a ciki. Na san tarin, wani malamin jami'a ne da ya sha bina sallah a ɗakin nan. Na san sun ji muryata, gidan ba wani girma gare shi ba. Ba wanda ya leƙo. Alhaji ya ɗan buɗe ragar daidai shigar hannu, ya karɓi ledar, ya ce, "Na gode, za a raba." Ya rufe.

Ba zan ɓoye ba, a cikin lif na yi niyyar zarcewa ofishin masu kula da benen in tona komai, har yawan kafet ɗin. Ban je ba, ba kuma don kirki ba ne, ƙafata ce ta ƙi. Na zauna a bencin tashar jirgi na daɗe, jirage na zuwa suna wucewa.

Tsoronsa gaskiya ne, na sani. Da ya ce mini, "Dakta, gidana ne, na zaɓi waɗanda zan iya ɗauka, ba ka ciki," da na ji zafi na haƙura, kamar yadda na haƙura da dattijon masallacin unguwarmu. Amma ya bar ni ina ba shi haƙuri a kan rufewar da ba a yi ba. Ya yi mini rantsuwa ina cikin makokin mutumin da ya koya masa Fatiha. Kuma da dabarata ya ɓoye mini. Wannan ne ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Duk watannin da na yi ina kallon gidajen Turawan nan, maɓoyar fada ce ta ɗauke mini hankali. Ƙofofin nan biyu, ta iyali da ta barori, a wurina zane ne kawai da zan kwafa in yi bayani. Ban taɓa tambayar kaina ba, ranar da tsoro ya yi tsoro, wa mai gidan yake fara cewa kada ya zo.

Da yamma na kira mahaifiyata. Tun rasuwar ba ta iya doguwar magana, amma ranar muryarta ta ɗan washe.

Ta ce, "Yanzu yayanka Alhaji ya gama kirana. Ya ce mutane sun taru a gidansa an yi wa Malam addu'a, har da manyan malamai, an raba waina."

Na mai da wayar ɗaya kunnen.

Ta ce, "Tun shekaranjiya kai nake tunani, in ce yaron nan yana can shi kaɗai ba mai zama da shi. Ashe Allah ya ba ka ɗan'uwa. Yau zan iya cin abinci. Ka riƙe shi da kyau, ka ji? Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa kamar yadda ya yi mana."

Matata na tsaye a bakin kicin tana kallona, ta san komai. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, na tuna mahaifiyata kwana uku ba ta ci ba.

Ta ce, "Kana jina kuwa? Ka ce amin mana."

Na ce amin.