Ruwan Rariya da Zogalen Inna

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, a shekarar da damina ta yi mana rowa har gero ya bushe a tsaye, ina amarya a Matamaye. Maigidana ya tafi cin rani Kano, sai aka rufe iyakar ƙasa tsakaninmu da can, ba shi, ba aike. Gida ya rage daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, da 'yan itatuwan zogalenta a bayan ɗaki. Da ganyensu muke ƙara wa ɗan garin da muke samu auki. In suka mutu, to yunwa ta shigo gidan ke nan.

Ruwa kuwa ya yi wuya. Rijiyar unguwa sai a zura guga a zauna jiran ta tsatso. Na sha ma da ƙyar, balle na ba itace.

Wata safiya Inna ta ɗauko wani tsohon tulu mai huji a gindi, ta zuba tsakuwa, ta bi da gawayi, ta rufe da rairayi. Ta ce, “'Yar nan, daga yau alwala a cikin daro, wanka a cikin daro. Ruwan da ya taɓa jiki bai mutu ba.” Mu juye a tulun, ya ɗiga ta ƙasa garau, mu kai gindin zogale. Ni da lallen aure bai gama fita a ƙafata ba, ina ɗaukar daro ina toshe hanci, ina cewa a raina wai nan gidan aka ce na yi dace!

Ruwan namu bai isa ba, mu biyu kacal. Sai Inna ta fara kafa kwano a bakin rariyar maƙwabta, inda ruwansu ke fitowa titi. Ba ta tambayi kowa ba, don a ganinta abin da aka zubar ba shi da mai shi. A nan ta yi kuskure. A wurinmu ba a wasa da ruwan wankan mutum, don an yi imani da shi ake yi wa mutum asiri. Ana cikin haka ɗan autan Hajiya, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ya kwanta da zawo.

Kafin azahar magana ta zaga unguwa. Na je rijiya mata suka janye tulunansu daga kusa da nawa, wallahi kamar mai kuturta. Hajiya da kanta ta shigo ko sallama babu.

“Inna, me na yi miki? Ruwan wankan ɗana kike kwasa, ga shi can a kwance!”

Inna ta ce, “Hajiya, ki ji tsoron Allah. Itace nake ba wa.”

“Itace? Haba! Ki faɗa wa wanda bai san duniya ba.”

Ranar kowa ya toshe rariyarsa. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka ba sai ranar. Zogale ya fara zubar da ganye, ita kuma ta daina fita ko gaisuwar mutuwa. Na ji tsoro ƙwarai, don tsohuwa in aka laƙa mata sunan mai asiri, da shi ake binne ta.

Malamin masallacin unguwa ne ya yi sallama wata ranar bayan la'asar. Ya tsuguna gaban tulun, ya daɗe yana kallon ɗigon, ya tara hannu ya shinshina. Sai ya yi dariya ya ce, “Inna, in asiri ne, a fara da ni. Ruwan alwalar masallaci a ƙasa yake tafiya a banza. Gobe ki aiko a ɗiba.” Ya sa aka binne rabin gangar ƙarfe a inda ake alwala. Ruwan kowa a ciki: na Malam kansa, na ladan, har da na mijin Hajiya, wanda ba ya fashin sahun gaba. Wa zai ce a daina?

Zogale ya farfaɗo. Yaron Hajiya ya warke bayan an kai shi likita, amma ita ba ta tako gidanmu ba, sai da rani ya yi nisa, rumbuna suka koma fayau. Rannan sai ga ta a bakin zaure da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta kasa haɗa ido da kowa. Ni dai na so Inna ta ɗan ja mata rai, ba zan ɓoye muku ba. Inna ta cika kwanon da ganye har yana zuba, ta ce, “Karɓi, Hajiya. Alwalar Alhajinki ce ta dawo gida.”

Yanzu nakan ji a rediyo ana zancen manyan birane za su riƙa tace ruwan da aka yi amfani da shi su mayar wa jama'a saboda fari. Na yarda inji zai tace shi. Abin da nake tunani shi ne wa zai tsuguna ya fara tara hannu a gaban mutane, don mu tulu bai wanke mana zargi ba sai da Malam ya sa nasa ruwan a ciki.

Inna ta daɗe da rasuwa, da sunanta mai kyau. Gidana akwai famfo yanzu, amma har gobe a cikin daro nake alwala. 'Yata takan ce, “Mama, wai fari ake yi ne?” Ni dai sai in ɗauki darona in nufi gindin zogale a bayan ɗaki.