Yadda Na Zama Baba Na Uku

Karatun bokona ya ƙare a aji biyu, kuma abin da na tsira da shi kalma ɗaya ce, BABA. Ita kam ina rubuta ta ko ido a rufe.

'Yata tana da shagon buga takardu a bakin kasuwa, ni kuma ina da kujera a ƙofarsa. Nan nake shan iskar fanka ina tsokanar masu wucewa. Da ta sayo firinta biyu, mai kala da mai baƙi, ta ce mini kowace tana shelar sunanta a wayifai kamar mai talla, wayar mutum ta ji ta nemo ta. Har da littafin ƙa'idojinsu na Turanci, wanda na tokare gurguwar ƙafar kujerata da shi.

Ranar da za ta biki Salka ta ce, "Baba, ka taɓa injinan nan, kujerarka ta koma gida."

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na leƙa injinan. Sunayen wasu tarkacen lambobi ne kamar na bayan tirela. Na ce haba, ko akuya ba a yi mata haka. Na sha ganin inda take latsawa, sai na raɗa wa kowace BABA. Takwara ai albarka ce.

Can wata malamar firamare ta zo buga hoton ɗalibanta. Ta duba wayarta ta ce, "Baba, ga BABA, ga BABA (2). Wanne ne mai kala?"

Ni ban sa wa kowa biyu ba. Na dake na ce na farkon. Yara suka fito baƙi ƙirin kamar an tono su daga buhun gawayi.

Washegari 'yata ta dawo, malamar ta riga ni kai labari. Ta zare littafin daga ƙarƙashina, saura kaɗan in kife. Ta fassara mini wurin: in biyu suka haɗu a suna ɗaya, wanda ya zo daga baya shi ke janyewa ya ƙara lamba.

Na ce, "Ashe injin ma ya san kunya. To kujerar fa?"

"Tana nan. Amma ƙarfe nawa nake kunna su?"

"Bakwai."

"Kai kuma ƙarfe nawa kake zuwa?"

"Tara."

"To ƙa'ida ta hau kanka."

Har yau 'yan kasuwa Baba Na Uku suke ce mini. Littafin kuma ba ta mayar ba, kujerar na nan tana ɗingishi.