Birkin Kawu Ya Sha Ruwa

Masu cewa birkin duram ya fi mai faifai, ku zo ku ga sabon leshina!

Yau da za mu biki Gummi, Inna ta hana ni hawa mashin ɗin Yaya Sani. Wai birkinsa faifai ne a waje, na ƙanenta Kawu Lawali kuwa rufe yake cikin duram, ruwa ba ya shiga. Dole na hau bayan Kawu.

Muka tsallake rafi, ashe duram ya sha ruwa! A gangara Yaya ya taɓa birki, cak! Kawu ya taka, shiru.

"Kawu, tsaya mana!"

"Ɗiyata, ya ƙiya! Riƙe ni!"

Muka wuce Yaya fuu, sai cikin gonar shinkafa, tsundum! Ba mu ji ciwo ba, amma leshi ya koma taɓo. Yaya har hawaye don dariya.

Gobe walima, bayan Yaya zan hau. Inna ta hau na ƙanenta!