Sharar Kufai

Farin takalminsa na fara gani. Ina dawowa daga ɗiban itace a kufan bayan ƙauyenmu, kusa da Kiru, na hango baƙo a tsugune yana juya tsingaron tukunya a tafin hannu kamar ya tsinci zinariya. A lokacin littattafan soyayya na kasuwa sun cika mini kai, duk baƙon da ya sauko daga mota sai in ɗauka ni ya zo nema.

Ba ni ya zo nema ba. Daga jami'a aka turo shi. Gwamnati za ta kafa doguwar hasumiyar ƙarfe ta tarho a kan tudun kufan, aikinsa ya duba ko akwai kayan mutanen da a wurin. Ya ce wa mai unguwa in an sami abin kirki za a matsar da ƙarfen wani wuri, kuma zai dawo da manyansa su gani da idonsu.

Na ruga na gaya wa Iya, kakata. A kufan aka haife ta. Can iyayenta suke kwance, ba wata alama sai bakin tsohuwar randa da dutsen niƙan uwarta, ita kaɗai ta rage da ta san wurin. Duk kaka bayan girbi takan je ta yi musu addu'a.

"Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "Ke kuma rufe bakin, kada ƙuda ya faɗa. Irin waɗannan da matansu a birni."

Ta tafi bikin suna a garin Ƙofa da kwanciyar rai, za ta yi kwanaki a can.

A garinmu ba a tarbar baƙo da ƙazanta. Mai unguwa ya ce manya za su zo daga Kano, ba za a bari su tarar da juji ba. Aka kira gayya. Maza suka sassabe, suka ƙone ciyawa, suka cike ramuka. Aka kwashe tsingaro kwando-kwando aka zuba a kwari, aka mirgine duwatsun niƙa. Har ruwa aka yayyafa.

Da baƙin suka iso, mai farin takalmi ya tsaya yana kallon fili fes kamar masallacin idi.

"Ranka ya daɗe, ina kayan?"

"Ai mun gyara muku," in ji mai unguwa, yana murmushi.

Manyan suka yi dariya, suka koma mota. A littafi, nan ne jarumi zai daki ƙirji ya ce ba a isa ba. Nawa kuwa karkaɗe ƙurar takalminsa ya yi ya bi su.

Iya ta dawo ta tarar an kafa turakun awon gini a kufan. Ta ce iyayenta na ƙasa, aka ce ta nuna wurin. Ta yi ta zagaye a filin, ba randa ba dutse, ta kasa.

Aka zuba siminti, aka kafa ƙarfen, aka kewaye da waya, aka sa mai gadi. Ko tarho ɗaya ba a kawo ƙauyenmu ba.

Iya ta yi shekaru bayan haka. Duk kaka sai ta dogara sanda ta je jikin wayar ta ɗaga hannuwa, ba ta san gefen da za ta fuskanta ba. A shekararta ta ƙarshe an canja mai gadi. Ya ga tsohuwa da hannu a buɗe, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba, a yi gaba." Ba ta sake komawa ba.