Tarin Mai Niƙan Tattasai

A bayan rumfunan tattasai na kasuwar Diffa akwai wani ɗakin kwano mara taga, inda injin niƙa ke aman hayaƙin man dizal tun safe. Mutumin da ke zuba wa injin tattasai dogo ne, ramamme, gemunsa ya yi ja da gari. Ba zai wuce shekara arba'in ba, amma numfashinsa irin na tsoho ne.

Ina jiran a niƙa mini nawa, ina kallonsa. Duk sa'ad da tari ya taso masa sai ya juya baya, ya kai tsumma baki, ya leƙa cikinsa, ya cusa shi aljihu da sauri. Mai mura ba ya leƙa tsumma haka.

Wata tsohuwa da ke gabana ta ce, "Idi, tarin nan naka bai yi mini ba. Ka je likita mana."

"Yaji ne kawai, Iya," in ji shi, amma ba ita yake kallo ba. Idonsa na can gindin dogon yaro, inda mai injin ke zaune yana shan shayi.

Ina zargin akwai yara a gida, kuma ya san samari da yawa na jiran aikin nan in mai injin ya kore shi saboda ciwo. Mai injin ya ɗago kai. Idi ya danne tarin har jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi masa murmushi, ya jawo wani buhun.